Ƙyallen da Tela Ya Zubar: Koya wa Yara Fasaha a Tsakar Gida

  

Zancenmu na yau wata wasiƙa ce ta jawo shi. Wata 'yar uwa, uwar 'ya'ya huɗu, ta rubuto mana cewa ɗanta da ke aji uku na firamare ya dawo gida da kuka ranar da aka raba sakamako, saboda ya faɗi a darasin zane. An ce kowane yaro ya zo da fenti da burushi da babban littafin zane, ita kuwa a wannan watan na cefane ma da ƙyar aka haɗa. Ta ce tun daga ranar yaron bai sake zana ko da'ira ba, in an ce ya gwada sai ya ce shi bai iya ba. Sai ta rufe da tambaya: shin fasaha ta 'ya'yan masu hali ce kawai?

'Yar uwa, amsar ita ce a'a. Ni ma na daɗe ina ɗauka sai da fenti ake koyon fasaha, ashe kwanan kaza a kan dami nake yi. Kayan koyon suna nan a shagon telan unguwarku. Kullum da yamma yaron shago yana share su, a kai bola ko a cinna musu wuta. Ƙyallaye nake nufi, ragowar atamfa da shadda da yadi. Da su, da allura da zare, yaro zai koyi haɗa launi, da tsara siffa, da lissafi, har da ba da labari. Yau zan bayyana yadda ake yi, da abin da ya sa yake aiki.

Bari mu fara da irin ɗinkin da nake magana a kai. Turawa suna kiransa kwilt. Bargo ne ko abin rufa gado mai hawa uku. Na sama shi ne fuska, wadda ake haɗawa da ƙananan ƙyallaye iri-iri. Na tsakiya shi ne ciki, auduga ko tsohon bargo, shi ke riƙe ɗumi. Na ƙasa shi ne shafi, yadi guda shimfiɗaɗɗe. Sai a bi su da ɗinki ana ratsa hawa ukun gaba ɗaya, don kada cikin ya dunƙule wuri guda in an wanke. Shi ke nan, babu wani sirri bayan wannan.

Kada wata ta ce ai wannan abin Turawa ne. Duk wadda ta taɓa kallon hawan sallah a Kano ko Katsina ko Zariya ta ga 'yan lifidi, su da dawakansu a lulluɓe. Lifidin nan dabarar guda ce: yadi sama, yadi ƙasa, a cusa auduga a tsakani a bi da ɗinki, har ya yi kaurin da kibiya ba ta saurin huda shi. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara amfani da lifidi a ƙasar Hausa. Kun ga ashe hannun mutanenmu ya san wannan ɗinki shekaru sama da 600. Bambancin kawai, mu an yi shi don fagen fama, a wasu wuraren kuma mata ne suka yi shi a ɗaka don maganin sanyi.

Ɗaya daga cikin wuraren nan nake son mu leƙa, don labarinsa shi ne amsar wasiƙar 'yar uwarmu. A jihar Alabama ta ƙasar Amurka akwai wani ƙaramin ƙauye da ake kira Gee's Bend, wanda kogi ya zagaye ta ɓangare uku. Mutanensa baƙar fata ne, jikokin bayin da suka yi noman auduga a wurin. Da yawansu har yau Pettway ne sunan gidansu, sunan mutumin da gonar ta koma hannunsa a 1845. Talauci ne iya talauci, gidajen katako ne, in hunturu ya zo sanyi na shiga ta kowace kafa. Matan ba su da kuɗin sayen bargo. Sai su farke tsofaffin wandunan aikin gona na mazajensu, da rigunan da suka mutu, da buhunan fulawa da na taki, su haɗa su ɗinke. Yarinya tana tasowa za a ba ta allura a gefen uwarta ko kakarta. Ɗaya daga cikinsu, Loretta Pettway, wadda aka haifa a 1942, tana da shekara 11 ta haɗa nata na farko.

Abin da ya bambanta su shi ne ba sa ɗaure kansu da tsarin littafi. Kowace mace tana shimfiɗa ƙyallenta, ta duba, ta juya, ta sa wannan kusa da wancan yadda idonta ya ce mata. Layi ya karkace, ta bar shi in ya yi mata kyau. A 2002 aka baje barguna nasu a gidan adana kayan fasaha na birnin Houston, daga nan aka kai su gidan Whitney a birnin Niyok. Mai sharhin fasaha na jaridar New York Times ya sa su cikin ayyukan fasahar zamani mafi ban mamaki da Amurka ta taɓa samarwa. A 2006 hukumar gidan waya ta ƙasar ta buga hotunan guda 10 a kan tamburan wasiƙa. A 2015 kuma aka ba uku daga cikin matan, har da Loretta ɗin nan, lambar girmamawa ta ƙasa ta masu fasahar gargajiya.

To, iyaye mata, ku lura. Waɗannan mata ba fenti ne ya kai su can ba, ba kuma makarantar zane ba. Ido ne da aka horar tun ƙuruciya, ta hanyar zaɓe: wannan ko wancan, nan ko can. Wannan zaɓen shi ne fasahar. Fenti kayan aiki ne kawai, kamar yadda ƙyalle yake kayan aiki. Har ma ƙyalle ya fi sauƙi ga mai koyo. In yaro ya shafa fenti bai yi masa ba, takarda ta ɓaci. In ya ajiye ƙyalle bai yi masa ba, sai ya ɗauke ya canza. Zai iya gwadawa sau ashirin ba a yi asarar komai ba, don haka tsoron kuskure ba ya kama shi. Yaron 'yar uwarmu ai wannan tsoron ne ya kama shi.

Me yaro zai koya a ciki? Na farko, launi. Ki zube ƙyallayen a tabarma ki ce ya ware masu haske gefe, masu duhu gefe. Zai ga akwai waɗanda suka tsaya a tsakiya, ba su nan ba su can. Ki ce ya ɗan runtse ido ya duba, ko ki ɗauki hoton da waya ki mayar da shi baƙi da fari. Nan take zai gane cewa jan nan da koren nan, duk da bambancinsu, duhunsu ɗaya. Masu zane suna cewa haske da duhu su ke fitar da siffa, ba yawan launi ba. Bayan haka ki nuna masa launukan da ke fito da junansu in an jera su: ja da kore, shuɗi da ruwan goro, ruwan ɗorawa da shunayya. Ki bar shi ya gwada da hannunsa, ya gaya miki wanne ne ya fi ɗaukar ido.

Na biyu, siffa da lissafi. Ki ba shi ƙyalle mai kusurwa huɗu daidai, ya ninka daga kusurwa zuwa kusurwa. Ga masu kusurwa uku guda biyu, kowanne rabi. Ya sake ninkawa, ga kashi ɗaya cikin huɗu. Abin da malami ke fama da shi a allo, ga shi yaro ya riƙe a hannu. Na uku, natsuwa da ƙarfin yatsu. Yatsun da suka saba da zura zare a kafar allura su ne za su riƙe fensir da kyau. Aikin kuma ba ya ƙarewa a yini guda, sai yaro ya koyi ajiye abu ya dawo gobe ya ci gaba, a wannan zamani da komai na waya a minti ɗaya yake wucewa.

Yanzu ga yadda za a tsara abin bisa shekaru. Ɗan shekara uku zuwa biyar ba ruwansa da allura. Ki samo kwali, ki dama ɗan sitaci ko fulawa da ruwan zafi ya zama gam, ki yayyanka masa ƙyallaye kamar faɗin tafin hannunsa. Shi dai ya zaɓa ya liƙa. In ya gama a rataye a bango inda kowa zai gani.

Ɗan shekara shida zuwa takwas, ki ba shi babbar allura marar tsini da zaren ulu, da wani yanki na buhu mai faɗin ido. Ki ja masa layi da alli, ki nuna masa ɗinki mafi sauƙi: allura ta nutse ta ɓullo, ta nutse ta ɓullo. Kada ki damu da wani taku dogo wani gajere. In hannu ya faɗa, sai ya fara ɗinka ƙyalle a kan ƙyalle, ya yi wa 'yar tsana bargo ko ya yi jakar fensir.

Daga shekara tara zuwa sama, lokacin haɗa ƙyalle tara ya yi, irin wanda Loretta Pettway ta fara da shi. Ku yanka kwali mai inci 5 kowane gefe ya zama ma'auni. Yaro ya ɗora shi a bayan ƙyalle, ya zagaye da alli, ya yanka guda tara, biyar masu duhu, huɗu masu haske. A jera su uku-uku, duhu da haske suna musanya kamar gidajen dara. A kifa biyu fuska da fuska, a ɗinke ana barin rabin inci a baki. A haɗa uku su zama layi, a haɗa layuka ukun. Tunda kowane ƙyalle ya rasa rabin inci a kowane gefe, ya koma inci 4, gidan gaba ɗaya zai tashi inci 12. Gida huɗu sun isa fuskar babban matashi. Gida 12, uku a faɗi huɗu a tsawo, za su ba da bargon jariri mai inci 36 da 48, wato ƙyalle 108 ke nan. Ki bar yaron ya yi wannan lissafi da kansa kafin ki gaya masa. Kada yawan ya ba ku tsoro, da yayyafi kogi kan cika. Gida ɗaya a mako ma, cikin wata uku an gama.

In fuska ta haɗu, a shimfiɗa shafi a ƙasa, a ɗora tsohon zane ninki biyu ko siririn bargo, a ɗora fuskar. A fara ɗinki daga tsakiya ana yin waje, don kada ya tattare. In hannun yaro bai kai ba, a ɗauki zare mai kauri a riƙa ratsawa ana ƙullewa, tazarar tafin hannu tsakanin ƙulli da ƙulli. A ƙarshe a kalmashe bakin. Abu biyu za ki kula da su. Ki wanke ƙyallayen tukuna, don wani yana zuba, wani yana tsukewa. Sannan ki haɗa jinsi da jinsi, atamfa da atamfa. Leshi da yadi mai santsi a bar su sai hannu ya ƙware.

Akwai kuma mataki na gaba, wanda ni ya fi burge ni, wato bargon labari. Wadda ta yi suna a kansa ita ce Faith Ringgold, baƙar fatar Amurka da aka haifa a unguwar Harlem ta birnin Niyok a 1930, ta rasu a 2024. Tana ƙarama ciwon asma yakan zaunar da ita a gida, sai mahaifiyarta, wadda tela ce mai tsara kayan mata, ta riƙa ba ta ƙyallaye da kayan zane tana ɗebe kewa. Da ta girma ta koyar da zane a makarantun gwamnati na birnin daga 1955 zuwa 1973. A 1980 ita da mahaifiyar suka haɗa bargonsu na farko. Daga baya ta fara rubuta labari a jikin bargon, hoto a tsakiya, ƙyallaye da rubutu a kewaye, domin a lokacin masu buga littafi sun ƙi karɓar tarihin rayuwarta. Wanda ta yi a 1988, kan wata yarinya mai shekara takwas da ke kwance a rufin bene tana mafarkin tashi sama, shi aka mayar littafin yara mai suna Tar Beach a 1991. Malaman firamare da dama a Amurka sun ɗauki wannan dabara suna koyar da yara.

Mu ma za mu iya. Ki ba kowane yaro yanki na farin yadi, ki ce ya nuna abu guda da ba ya mantawa: gidan kaka a ƙauye, ranar da aka yi ruwan farko, motar da ta kai ku biki. Ya yanka gida daga wannan ƙyalle, bishiya daga wancan, ya ɗinka a kai, ya rubuta jimla ɗaya a ƙasa da biro. Ga gidajen da ba sa son a zana abu mai rai, hanyar ta wadatar, don ɗaki da rijiya da bishiya da wata da taurari sun isa ba da labari. In an haɗa na yaran gida duka, aka kewaye da ragowar ankon bikin gwaggo da tsohon zanen goyo, ai an sami tarihin gida da za a iya lulluɓa da shi.

Sai dai zan gaya muku inda ni na yi kuskure, don kada wata ta maimaita. 'Yata tana da shekara shida na karɓo mata leda guda ta ƙyallaye. Ta zauna ta jera su a tabarma, ta sa wani ruwan hoda kusa da wani kore shar, ga wani baƙi a karkace. Ina fitowa daga kicin na ce, "Haba Ummi, wannan ai bai shiga ba, kawo in gyara miki." Na tsuguna na jera ja da ja, shuɗi da shuɗi, tsaf. Da na ɗago sai na ga ta miƙe. Ta ce, "Mama, yanzu ai naki ne." Ta fice. Wallahi sai da aka yi kusan sati biyu ba ta sake taɓa ledar ba. Na koya mata abin da faɗuwar jarrabawa ta koya wa yaron 'yar uwarmu, cewa idonta ba abin yarda ba ne.

Tun daga nan na raba aikin biyu. Abin da ya shafi hannu, riƙon allura, ƙulla zare, barin baki, wannan ina gyarawa, don akwai daidai akwai kuskure. Abin da ya shafi ido, wane launi, a ina, wannan nata ne. In bakina ya yi ƙaiƙayi sai in mayar da shi tambaya: me ya sa kika sa wannan a nan? Wanne kika fi so? In aka juya shi fa? Za ki sha mamakin amsar da yaro zai ba ki. Yabo ma a yi shi da hujja. Maimakon "ya yi kyau" kawai, ki ce, "Na ga yadda farin nan ya fito da shuɗin." Nan ne zai san kin duba da gaske.

Wata za ta ce, to mai 'ya'ya maza fa? Ai a ƙasar Hausa ɗinki tun asali sana'ar maza ce. Su wa ke ɗinka babbar riga, su yi mata aska biyu ko aska takwas? Su wa ke zaune a kan keke a kasuwa? Lifidin da muka ambata ma ai kayan mayaƙa ne. Don haka ki zaunar da su duka, mace da namiji. Namijin da ya iya mayar da maɓallin rigarsa ba zai wahala a makarantar kwana ba.

Kafin mu rufe, kalma biyu kan kiyaye lafiya. Komai ƙanƙantar allura ƙarfe ce. Ki ƙirga allurai kafin a fara, ki ƙirga bayan an gama, a soke su a jikin wani ɗan matashi ko ƙullin tsumma, ba a tabarma ba, ba a baki ba. Almakashi mai kaifi yana hannunki har sai yaro ya yi hankali. In akwai mai rarrafe a gida, a kawar da maɓalli da duwatsun ado. A yi aikin da rana inda haske yake, kuma minti ashirin zuwa talatin ya ishi ƙaramin yaro. A tashi tun yana marmari, gobe shi zai tuna miki.

'Yar uwa mai wasiƙa, ga shawarata. Kada ki ce masa za ku yi zane, tunda kalmar ta zame masa abin tsoro. Ki ce ya raka ki wurin tela ku roƙo ƙyallaye, ki zube masa a tabarma, ki ce ya taya ki zaɓen waɗanda za a yi wa ƙanwarsa bargo. Ki kama bakinki, ki zuba ido. In ya haɗa gidan farko, ki sa shi a jakarsa ya kai wa malaminsa ya gani. Ita kuwa tawa Ummin, bargon da ta haɗa daga baya yana nan a gadonta, ruwan hodar nan yana maƙale da koren, baƙin ma yana nan a karkace, kuma duk baƙuwar da ta shiga ɗakin shi take fara tambaya.

Sauran iyaye mata, ku ma ku gwada a wannan makon, ku rubuto mana yadda kuka ƙare da yaranku, mai daɗi da marar daɗi, mu karanta kowa ta ƙaru.